Abin lura kafin sayen na'urar auna kaurin fentin mota

Duk lokacin da aka sa inji aka goge mota domin kawar da kwarzane, wani ɓangare na fentin ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Wannan ne ya sa masu sana'ar ke fara auna kaurinsa kafin su taɓa motar.

Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta dai yakan kai maikuron 100 zuwa 180, inda maikuron 1,000 ke daidai da milimita ɗaya.

Shafin sama mai ƙyalli, wanda ke kare launin daga rana, bai cika wuce maikuron 50 ba. Idan guga ta cinye shi, sai an sake fenti.

Na'urorin sun kasu kashi-kashi. Mai aiki da maganaɗisu jikin ƙarfe kawai take aunawa, don haka ba za ta yi amfani a kan motoci irin su Ford F-150 ba, wadda tun samfurin 2015 ake ƙera jikinta da alminiyom. Ya fi dacewa a sayi mai auna duka biyun.

Sai dai kuma waɗannan na'urori jimillar kaurin kawai suke nunawa, kuma ba sa aiki a kan bamba ta roba. Mai amfani da sauti ce ke iya wannan, amma tana da tsada sosai.

Na'urar na kuma taimaka wa masu sayen motocin hannu, domin awon da ya zarce maikuron 300 kan nuna an sake fenti, wataƙila bayan hatsari.