Yawan Fitsari Marar Zaƙi da Lafiyar Ƙoda: Maganin Indiya da na Hausa a Yammacin Zamfara

1.0 Ciwo Biyu, Suna Ɗaya

Bahaushe na da suna ga ciwon da ke sa fitsari ya yi zaƙi, wato ciwon sukari. Akwai kuma wani ciwon da ke kama da shi a ido, na yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta yankewa, amma fitsarin salam yake kamar ruwan randa. Likitoci na kiran sa diabetes insipidus, kalmar ƙarshen kuwa Latinanci ce mai nufin abin da ba shi da ɗanɗano. Hausa ba ta keɓe masa suna ba. Wanda ya kamu da shi a karkara yakan faɗa cikin ɗayan rukuni biyu, ko a ce sukari ne, ko a ce sanyin mara ne, kuma kowanne da irin jiƙon da ake ba shi.

Ƙoda biyu na tace jinin da ya kai kimanin lita 180 na ruwa a kullum, sai dai kusan duka suna mayar da shi jiki, abin da ke fita bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Mai ba da umarnin mayarwar shi ne sinadarin basofiresin, wanda ƙwaƙwalwa ke samarwa. Idan ya yi ƙaranci, saboda buguwa a kai, ko ƙari, ko sanƙarau, ruwa sai ya zube. Haka kuma idan yana nan amma ƙoda ta daina jin kiransa. Fitsarin babban mutum yakan haura lita 3 a yini, wani ma har ya kusanci lita 20. A shekarar 2022 ƙungiyoyin masana suka amince a sauya wa ciwon suna zuwa ƙarancin basofiresin ko bijire wa basofiresin, domin ruɗa shi da ciwon sukari ya sha jawo kuskure har a manyan asibitoci. Ashe ba Hausa kaɗai sunan ya ɗaure wa kai ba.

2.0 Abin da Ayurbeda ta Gani

Tsohon ilimin magani na Indiya, Ayurbeda, ya daɗe da rarrabe cututtukan fitsari. Littattafan Charaka da Sushruta sun tara su ƙarƙashin sunan prameha, suka kasa su gida 20. Daga ciki akwai madhumeha, fitsarin zuma, wanda tururuwa ke taruwa a kansa. Akwai udakameha, fitsarin ruwa, mai yawa, fari, mai sanyi, marar wari, wanda masana da dama ke ganin shi ya fi kusa da ciwon da ake magana a kai. Maganin da suka tsara ga rukunin ya haɗa da jiƙon itatuwa masu ɗaci da bauri, da kurkur, da cin sha'ir, da motsa jiki.

Wasu daga cikin tsirran nan ba baƙi ba ne a Zamfara. Darbejiyar da ke yi wa titunan Gummi da Anka inuwa daga yankin Indiya aka kawo ta a zamanin mulkin mallaka, zogale ma can ne asalinsa. Tsidau, ƙayar nan da ke sukar yara a fili, ita ce gokshura ta Indiyawa, wadda suke ba mai ciwon mara domin ta sa shi fitsari. Tunanin Bahaushe ya yi daidai da wannan, domin a wurinsa magani mai aiki shi ne mai fitar da dattin ciki, ko ta gudawa ko ta fitsari, shi ya sa ake cewa an wanke ƙoda ko an wanke mara.

A nan ne gizo ke saƙar. Mai tsakuwar ƙoda ko ƙunar fitsari zai iya amfana da ƙarin fitsari. Mai yawan fitsari marar zaƙi kuwa ruwa ne jikinsa ya kasa riƙewa, kuma abin da ke riƙe da ransa shi ne shan ruwa gwargwadon abin da ya zubar. Idan aka ɗora masa jiƙo mai sa gudawa, ko aka hana shi ruwa da nufin rage fitsarin, gishirin jininsa zai hau har ya kai ga ruɗewa, da suma, da mutuwa. Jariri da tsoho, waɗanda ba su iya tashi su ɗebi ruwa da kansu, su suka fi shiga haɗari. Kanwa da ake jefawa a jiƙo ita ma ƙarin nauyin gishiri ce a kan ƙoda. Har yau babu wani tsiro, na Indiya ko na Hausa, da aka tabbatar yana maye gurbin basofiresin. Wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta samarwa, maganinsa desmofiresin ne, ana haɗiya ko a shaƙa ta hanci.

3.0 Dalma da Ƙodar Yaran Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalilin shi ne duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake daka wa a cikin gidaje, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duk abin ya shafe su. An ƙiyasta mutuwar yara kimanin 400. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, na Bagega sai a 2013, aka kuma yi wa dubban yara maganin fitar da dalma daga jini.

Abin da aka fi magana a kai shi ne ƙwaƙwalwa, amma dalma na taɓa ƙoda. Tana laɓewa cikin ƙashi shekara da shekaru, tana komawa jini a hankali. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, yaran da suka sha gubar fentin dalma a farkon ƙarni na 20 da yawansu ciwon ƙoda ne ya kashe su bayan sun girma. Yaran Zamfara na 2010 yanzu samari ne da 'yan mata.

Wannan ya shafi gwajin tururuwa, wanda Bahaushe da Ba'indiye suka yi tarayya a kansa. Gwaji ne mai hikima, domin yakan raba fitsari mai zaƙi da marar zaƙi ba tare da kwabo ba. Sai dai dalma mai yawa kan lalata ƙananan bututun ƙodar yaro har sukari ya riƙa tsiyaya cikin fitsari alhali na jininsa daidai yake. Tururuwa za su taru, a yanke hukuncin sukari, a dage da ɗaci irin na garafuni da shuwaka, ainihin cutar tana gefe. Amosanin jini ma, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, yana hana ƙoda kaurara fitsari tun daga ƙuruciya, har yaro ya riƙa fitsarin kwance ana yi masa faɗa a banza.

Batun haɗaɗɗun magungunan Indiya na kwalba da na ƙwaya ya fi wannan nauyi. Wani reshe na Ayurbeda, rasa shastra, da gangan yake sa tokar ƙarafa a magani, har da ta dalma da ta zaiba, bisa imanin cewa ƙonawa da tsarkakewa na kashe dafinsu. Binciken da Robert Saper da abokan aikinsa suka buga a 2004 ya auna irin waɗannan magunguna 70 daga kantunan birnin Boston na Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko asanik a cikin 14. A binciken da suka sake bugawa a 2008 kan waɗanda ake saya ta intanet, sakamakon ya sake kamawa kusan ɗaya cikin biyar. Ganyen darbejiya da mai magani ya tsinka a bayan gida an san abin da yake. Garin da ke cikin kwalbar da ba ta da lambar hukumar NAFDAC ba mai iya faɗar abin da ke cikinsa sai ɗakin gwaji. Tozalin gargajiya ma, wanda ake rambaɗa wa jarirai, sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa.

Mai magani a Gummi ko Bukkuyum shi ne farkon wanda mai yawan fitsari ke zuwa wurinsa, sau da yawa ma shi ne na ƙarshe, ganin yadda rashin tsaro ya sa hanyar Gusau da Sakkwato ta yi wuyar bi. Abin da asibiti ke fara nema kuwa kaɗan ne, wato a tara fitsarin yini da kwana a auna yawansa, a duba kaurinsa, a auna sukari da gishirin jini, sannan ga ɗan ƙauyukan haƙar zinare a ƙara da awon dalma.