Zargin Nukiliya Ba Lasisin Yaƙi Ba Ne

Tun rikicin Iran da Isra'ila na watan Yunin 2025, ba a zama majalisar dare a Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, ba tare da wani ya kawo wannan fatawa ba: wai dokar duniya ta yarda a kai wa ƙasa hari da zarar an yi zargin tana haɗa makamin nukiliya. Na gaji da jin ta, musamman daga bakin masu ilimin da ya kamata su san ba haka ba ne.

Dokar ba ta da tsawo. Sashe na 2 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya hana amfani da ƙarfi, ya hana ko barazanarsa. Ƙofa biyu aka bari: izinin Kwamitin Sulhu, da kare kai idan an kawo hari, kamar yadda sashe na 51 ya ce. Masana na jayayya kan harin da ya riga ya ƙaraso bakin ƙofa. Amma "muna jin wata rana zai kawo mana hari" ba ya cikin kundin. A 1981 Isra'ila ta rusa tashar nukiliya ta Osirak a Iraƙi da wannan hujja, Kwamitin Sulhu ya yi Allah wadai da ita a ƙuduri na 487, kuma har Amurka ta ɗaga hannu.

Mu da muke shiga Birnin Konni ta Illela kamar gidan maƙwabci, mu ya fi kamata mu ji tsoron zargi, don da sunan Nijar aka yi babbar ƙaryar. Takardu ne suka ɓulla wai shugaban Iraƙi Saddam ya nemi tan 500 na yuraniyam daga Nijar. Amurka ta tura tsohon jakadanta Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya a yi wannan ciniki. Duk da haka, a Janairun 2003 Shugaba Bush ya faɗa wa duniya cewa Iraƙi ta nemi yuraniyam a Afirka. Ranar 7 ga Maris, Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya a lokacin, ya tabbatar wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma da sunan ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujera tun 1989 aka sa hannu. Ko maƙeran ƙaryar ba su tsaya sun yi aikinsu da kyau ba! Kwana 13 bayan haka aka afka wa Bagadaza ba da izinin Kwamitin ba. Ba a samu makamin ba. A 2004 Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin. Waɗanda suka mutu fa, wa zai dawo da su?

Masu cewa "ai ƙarfi shi ne doka" suna da ɗan abin faɗa, tunda ƙasashe biyar na da ikon hawa kujerar na-ƙi. Amma ɓarawo ya tsere wa alƙali bai mai da sata halal ba.

To, malam, idan saƙon murya ya shigo maka ta WhatsApp, ka riƙe yatsanka. Ka tambayi mai turowa: an kai harin ne, ko ana tsoron a kai? Kwamitin Sulhu ya ba da izini? Ƙuduri na nawa? Me masu binciken hukumar nukiliya suka ce da bakinsu? Ka duba ranar bidiyon, don sau da yawa tsohuwar gobara ce ake sake wa suna. Kuma ka daina ɗaukar duk wani yuraniyam a matsayin bam. Wanda ake haƙowa a Arlit, sinadarin da ke cikinsa mai kama wuta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tashar lantarki na bukatar kashi 3 zuwa 5, makami kuwa kusan 90. A Zariya ma akwai ƙaramar tashar binciken nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, an sauya mata mai zuwa mai ƙarancin ƙarfi a 2018, aka mayar wa Sin tsohon. Idan limami ne ko malamin makaranta ya turo maka saƙon, ka gyara masa a keɓe, cikin ladabi, kafin ya hau mumbari da shi ranar Juma'a.