Uwar Garken Imel: Yadda Ake Kafa Ta da Dalilan da Ke Sa Wasiƙa Ta Maƙale

'Yan uwa ɗalibai, yawancinmu muna aika imel kullum ba tare da mun tambayi ina wasiƙar ke bi bayan mun danna maɓallin aikawa ba. A wannan maƙala zan yi bayanin na'urar da ke wannan aikin, watau uwar garken imel, wadda wasu ke kira saba. Zan kawo misalai daga aikin da nake yi wa wani ƙaramin ofishin sufuri na Hausawa a Mile 2, Legas, inda hanyar Badagry ta haɗu da ta Apapa zuwa Oshodi. Harkarsu ita ce ɗauko kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can zuwa Arewa. Idan takardar kaya ba ta isa wurin mai ita a Kano ba, to mota ta kwana, kuɗin ajiya kuma yana ta hauhawa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar uwar garke ita ce a ɗauke ta kamar tashar mota. Akwai mai karɓar saƙo ya ɗora a motar da ta dace, akwai kuma mai ajiye saƙon da ya iso har mai shi ya zo. Aikin farko yana tafiya ne bisa ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, shekara 11 bayan Ray Tomlinson ya shigo da alamar @ cikin adireshi. Manhajar da nake amfani da ita a nan ita ce Postfix, ta Wietse Venema, wadda ta fito a 1998. Aiki na biyu kuwa na IMAP ne ko POP3, kuma Dovecot ce ke riƙe da shi. Kowane aiki da ƙofarsa: saba da saba suna magana ta ƙofa ta 25, ma'aikaci yana miƙa wasiƙarsa ta 587, yana kuma karanta waɗanda suka iso ta 993.

Kafin komai sai ofishi ya mallaki suna a intanet. A Nijeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng. Daga nan sai a shiga kundin sunaye na DNS a rubuta layin MX, wanda ke shaida wa duniya cewa wasiƙun wannan suna ga na'urar da za a kai wa. Idan harafi ɗaya ya kuskure a wannan layin, to an gina tasha ne ba hanyar shiga.

Sauran saitin Postfix yana cikin fayil ɗin main.cf. Layin da na fi yi wa kallon tsanaki shi ne wanda ke faɗin waɗanne kwamfutoci aka yarda su aika wasiƙa ta wannan saba. Wanda ya bar shi a buɗe ya zama direban da ke ɗaukar kowane ƙunshi bai tambayi abin da ke ciki ba. Ba a daɗewa masu watsa wasiƙun banza za su gano shi, su yi ta tura dubbai da sunansa.

A nan ne tarihinmu ke shigowa. Wasiƙun damfara da duniya ta sani da 419, lambar wani sashe na kundin dokokin laifuka na Nijeriya, sun ɓata wa ƙasar suna ƙwarai, har dokar 2006 ta wajabta wa shagunan intanet yin rajista da EFCC. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna da baƙin littafi na lambobin IP da aka kama da wannan hali, kuma sabobi da dama ba sa karɓar komai daga lambar da ke ciki. Abin takaici shi ne, lamba takan canza hannu. Kana iya gadon lambar da wani ya ɓata, ka shiga bashin da ba ka ci ba. Saboda haka nakan binciki lambar tun kafin in kafa komai a kanta.

Ana kuma neman shaida guda uku. SPF yana lissafa na'urorin da aka yarda su aika da sunan ofishi, DKIM hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa, DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da wadda ta faɗi jarrabawa. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara wannan sharaɗi, musamman ga masu aika wasiƙu da yawa.

Idan manaja ya ce da ni, "Malam, wasiƙa ba ta je ba," ba na fara taɓa saiti. Rajistar saba nake buɗewa, domin kowace amsa tana zuwa da lamba. Lambar 250 tana nufin an karɓa. Wadda ta fara da 4 tana nufin a sake gwadawa, kuma Postfix yakan riƙe wasiƙa a layi har kwana 5 yana gwadawa. Wannan ne ma ya sa ɗauke wuta na 'yan awanni ba ya ɓatar da wasiƙa, tunda mai aikowa zai dawo. Wadda ta fara da 5, kamar 550, ƙi ne na ƙarshe.

To, yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu, ɗaliban harshe. An gina SMTP ne a kan ASCII, tsari mai alamomi 128 kacal, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1992 ƙa'idar MIME ta ba wasiƙa damar faɗin tsarin haruffan da aka rubuta ta da shi, kuma a shekarar ne Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8. A UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya yana cin gurbi biyu. Idan manhajar mai karɓa ta zaci tsohon tsarin Yammacin Turai ne, sai ta karanta kowane gurbi daban: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Wannan ba laifin saba ba ne. Maganinsa shi ne a saita manhajar aikawa ta shelanta UTF-8, a jikin wasiƙa da kuma a kan magana, domin kowanne da yadda ake lulluɓe shi.

Wasu sukan gudu daga matsalar su cire ƙugiya gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba. A takardar kasuwanci, "ya ƙi biya" da "ya ki biya" mai karatu zai iya lalubo ma'ana, amma "kasa" da "ƙasa", ko "baki" da "baƙi", ko "dauri" da "ɗauri", kalmomi ne daban-daban, kuma bai kamata gazawar na'ura ta yanke mana ƙa'idar rubutu ba.

Inda nake ba da shawarar haƙuri shi ne adireshin kansa. Tun 2012 akwai ƙa'idar SMTPUTF8 da ta halatta harafi mai ƙugiya kafin alamar @, kuma Postfix ya karɓe ta a 2015, amma ba kowace saba ce ke ganewa ba. A ofishin Mile 2, ma'aikacin da sunansa ya fara da Ɗan, adireshinsa da d maras ƙugiya nake buɗe shi, sannan in rubuta sunan da ke bayyana ga mai karɓa da cikakkiyar ƙugiyarsa.