Wakilan Kamfani Su Ma Su Kafa Jam'iyya

A kasuwannin Gusau da Tsafe da Bungudu akwai masu sayar da takin zamani da iri da maganin ƙwari da sunan kamfani. Kanti nasu ne, jari nasu ne, amma kamfani ke yanka musu farashin sari, shi ke faɗin ranar da kaya za su iso.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar 'Yandoto. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Gusau, kamfanonin Turawa kan ba attajirai kuɗi su saya musu gyaɗa da auduga, su kuma su rarraba wa 'yan baranda. Da aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949, sai ya zama hukuma ke ba da lasisi, ita ke yanka ladan wakili. An rushe hukumomin ciniki a 1986, amma har yau wakili in shi kaɗai ne ba a jin kukansa.

To, hanyar kafa jam'iyya ba ta da wuya. Mutum goma sun isa a yi musu rajistar jam'iyyar gama kai a ofishin jiha. A zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a rubuta dokoki, a ajiye kuɗi a banki, kada su fita sai da hannun mutum biyu. Ma'aji kuwa kada ya zama ƙanen shugaba.

Abu mafi girma shi ne kuɗin jam'iyya su fito daga aljihun 'ya'yanta. In kamfani ke biyan kuɗin taro, ko lemo ne, ranar da za a tuhume shi kowa sai ya sunkuyar da kai. Ga kuwa maganganu masu nauyi: iyakar kowane wakili, don kada a buɗe wani kanti jikin nasa, wa zai ɗauki hasarar irin da ya yi kwantai, da takin da ya iso cikin Agusta, gero ya riga ya fid da kai.

Amma jam'iyya ba ta da ikon haɗa baki a tsawwala wa manoma farashi, doka ta hana. Tun 2019 kuma dokar ingancin taki ta wajabta wa mai sayarwa neman izini. Wanda aka kama yana algus, sai jam'iyya ta kore shi kafin hukuma ta iso.