Ciwon mara da zubar fitsari bayan haihuwa: Aikin da gashin ƙashi ke yi wa matan Shagari da Boɗinga

A ƙauyukan ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga da ke Jihar Sakkwato, mace takan gama wankan jego na kwana arba'in ta koma ga turmi da tulu da dakon itace kamar ba ta haihu ba. Daga cikin waɗannan mata akwai waɗanda fitsari ke kufce musu da zarar sun yi tari ko dariya, akwai masu jin nauyi a gabansu kamar wani abu zai faɗo, akwai kuma masu jin zafi duk lokacin da suka kusanci mazajensu. Mafi yawansu sukan kira abin da “sanyi”, su sayi ƙwayoyi a kemis ko jiƙo a kasuwa, su ci gaba da haƙuri.

Sau da yawa kuwa matsalar tsoka ce, kuma tsoka aba ce da ake iya horarwa. Wannan shi ne aikin wani reshe na fannin gashin ƙashi, wanda ake kira fisiyo a asibitoci, da ke kula da ƙugu da marar mata.

Inda matsalar take

A ƙasan ƙashin ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar faifai, daga ƙashin gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya. Su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma ke rufe hanyar fitsari da ta bayan gida har sai mutum ya shirya. Ciki yakan ɗora musu nauyi na wata tara, haihuwa kuma ta buɗe su matuƙa, wani lokaci har su yage ko jijiyar da ke motsa su ta samu rauni.

Idan aka samu tazara tsakanin haihuwa, aka kuma rage aikin ƙarfi, tsokokin sukan farfaɗo da yawa. Sai dai binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya kusan bakwai a rayuwarta, kuma a Jihar Sakkwato mafi rinjayen haihuwa a gida ake yin ta. Wannan na nufin ƙarin da mace ta samu wajen haihuwa yakan warke ba tare da ɗinki ba, sannan wani cikin ya shigo kafin jiki ya koma daidai. A kan haka ake ƙara daka da surfe da jan guga da ɗaukar jarka, da taurin bayan gida, da tarin da hayaƙin murhu ke jawowa. Kowannensu matsi ne daga sama zuwa kan tsokar da ta riga ta gaji.

Ba kowace zubar fitsari ce yoyon fitsari ba

A ƙasar Hausa an san cutar yoyon fitsari sosai, har tsoronta ya sa wasu matan ke ɓoye ƙaramar matsala. Bambancin yana da sauƙin ganewa. Mai yoyon fitsari tana da huda tsakanin mafitsara da farji, galibi sakamakon doguwar naƙuda ko yankan gishiri, don haka fitsari ke zuba dare da rana, tana kwance ko tana tsaye. Maganin wannan aikin tiyata ne, kuma ana yin sa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato, da cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana wannan aiki.

Wadda kuwa fitsarinta ke fita kawai idan ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga kaya, ba ta da huda. Tsokar da ke rufe hanyar ce ta yi rauni. Haka nan wadda fitsari ke matsa mata farat ɗaya har ya zubo kafin ta kai banɗaki. Waɗannan biyun su ne gashin ƙashi ya fi yi wa amfani, tare da saukowar mahaifa idan ba ta yi nisa ba.

Hatta waɗanda aka yi wa aikin yoyon fitsari suna buƙatarsa. Wasu hudar takan rufe amma fitsari ya ci gaba da ɗiga saboda raunin tsoka. Wasu kuma doguwar naƙudar takan danne jijiyar ƙafa, su tashi suna jan ƙafa ɗaya, sai an koya musu tafiya da motsa jiki da takalmi na musamman.

Yadda ake horar da tsokar

Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ne ya yaɗa wannan atisaye a shekarar 1948, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Mace za ta kwanta ko ta zauna, ta matse gabanta da duburarta kamar mai riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ta ja sama, ta ƙirga zuwa biyar, sannan ta saki gaba ɗaya ta huta daidai tsawon wannan lokaci. A hankali za ta kai ƙirga goma. Ba a riƙe numfashi, ba a kuma matse cinyoyi ko ɗuwawu.

Ƙa'idar da hukumomin lafiya na Birtaniya suka shimfiɗa ita ce a yi matsi aƙalla takwas, sau uku a rana, na tsawon wata uku ko fiye, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Kulawar tana da muhimmanci domin mata da yawa sukan yi yunƙuri ƙasa maimakon su ja sama, abin da ke ƙara ɓarna. Ana kuma koya wa mace ta matse tsokar kafin ta yi tari ko ta ɗaga tulu. Ba a so a mayar da katse fitsari ana tsakiyar yinsa ya zama atisaye, domin yana iya hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka.

A nan ya kamata a ambaci kayan matsi da ake sayarwa cikin kayan mata. Abin da ake cusawa yana iya busar da fata ko ya kumbura ta na ɗan lokaci, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Wanda aka haɗa da kanwa ko alif ko gishiri yana iya ƙona wurin ya bar tabo.

Idan ciwo ne ya fi yawa

Akwai matan da tasu tsokar ɗaurewa ta yi ta ƙi sakewa. Alamominta su ne zafi lokacin saduwa, da ciwon mara da ya wuce wata shida, da wahalar fara fitsari ko bayan gida. Ana yawan ganinta ga amaren da suka ji ciwo a daren farko, da masu tabon ɗinki ko na kaciya. Irin wannan mace idan ta kama atisayen matsi, ciwon ƙaruwa zai yi. Abin da ake koya mata shi ne sakin jiki, da numfashi mai zurfi har ciki ya taso, da miƙe cinyoyi, da ɗumama wurin, wani lokaci da tausa ta musamman bisa yardarta. Wannan ne ya sa dole a duba mace kafin a ce mata ga abin da za ta yi.

Masu ciki ma sukan yi fama da ciwon ƙashin gaba da na kwankwaso, har juyi a kan gado ko hawa babur ya gagare su. Ɗamarar ƙugu, da sanya matashi tsakanin gwiwoyi lokacin barci, da haɗe ƙafafu wajen sauka daga gado suna rage shi.

Sai dai akwai alamomin da likita ne farkon wanda za a gani a kansu: zazzaɓi tare da ciwon mara, ruwa mai wari, jini bayan saduwa ko bayan an daina al'ada, jini a fitsari, da rama ba dalili. Waɗannan na iya zama ƙwayoyin cuta ko kansar bakin mahaifa, kuma atisaye ba ya maganinsu.

Nisa da kunya

Fannin gashin ƙashi ya shigo Najeriya a shekarar 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, kuma a yau Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu horar da ma'aikatansa. Duk da haka ma'aikatan sun taru ne a manyan birane. Ga matar Shagari ko Sifawa, wuri mafi tabbas shi ne birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da sashen gashin ƙashi. Zuwa can na buƙatar kuɗin mota da izinin miji da wanda za a bar wa yara, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. A Faransa inshorar lafiya ce ke biyan kuɗin irin wannan horo ga mace bayan haihuwa, a nan kuwa da wuya ma a yi mata tambayar ranar da ta kawo jariri rigakafi.

Kunya ma tana da nata kason. Matar da ke shakkar tsarkinta takan janye daga masallacin Idi da makarantar Islamiyya da gidan biki, duk da sauƙin da malaman fiƙihu suka bayyana ga mai lalurar fitsari. Wadda ke guje wa shimfiɗa saboda zafi kuwa akan ɗauke ta mai ƙin miji, har aure ya mutu a kan abin da ke da magani.

Atisayen kansa ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibiti da aka horar za ta iya koyar da shi ranar awon ciki, ta kuma tura masu tsanani Sakkwato. Majinyaciya tana da damar neman mace ta duba ta, ta kuma shiga da 'yar rakiya. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke birni, wanda mahaifiyarsa ko matarsa ko ƙanwarsa ke gida tana ta shan maganin sanyi shekara da shekaru ba sauƙi, abin da ya rage shi ne ya sa wata mace a dangi ta tambaye ta, sannan ya biya kuɗin motar zuwa asibiti.