Mene ne gyaran hoto, kuma yaushe yake hana shiga gasa?

Gyaran hoto shi ne taɓa hoto da kwamfuta ko waya bayan an ɗauka. Ƙara haske, daidaita launi ko yanke gefe ba laifi ba ne. Masu ɗaukar hoto a Sabon Gari kullum suna yi wa amare haka. Rigimar tana tasowa ne idan an goge wayar lantarki daga saman kasuwa, ko an ɗauko mahayin hawan sallah an dasa shi inda bai je ba.

Gasar World Press Photo takan nemi ɗanyen hoton da kyamara ta adana don ta gwada. A 2015 ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan zagayen kusa da ƙarshe daga gasar saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony, ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hotonsa.

Wannan batu na gyaran hoto ya shafi ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A ganina aikin kwamfuta fasaha ne, amma a ware masa rukuninsa, kada ya kara da na wanda ya wuni cikin ƙura yana jiran doki ya ɗaga ƙafa.