Sa'o'i 507: Yadda Ɗan Rawa Mai Zaman Kansa Ke Rayuwa a Faransa

Ɗan kallo yakan shiga zaure ya ga rawar sa'a ɗaya, ya tafa, ya koma gida. Kafin wannan sa'ar, ɗan rawan ya shafe makonni yana atisaye. Kafin atisayen kuma, ya sha zarya zuwa wuraren tantancewa, inda jama'a da yawa ke neman gurbi ɗaya ko biyu. Kullum da safe sai ya horar da jikinsa, ko akwai aiki ko babu, domin jikin da aka bari ya huta da yawa sandarewa yake yi. Wannan horo na safe ba wanda ke biyansa ladansa.

Mafi yawan masu rawar zamani da 'yan wasan dandamali a Faransa ba su san albashin wata ba. Kwantiragi suke yi na ɗan lokaci, wata guda da wannan ƙungiya, kwana goma da waccan, sannan a shiga zaman jira. Ƙasar ta yarda cewa haka sana'ar take, don haka ta ware musu tsari na musamman a cikin inshorar rashin aiki. Wanda ya tara sa'o'in aiki 507 a cikin wata 12, za a riƙa ba shi kuɗi a ranakun da ba shi da kwantiragi. Kowane wasa da aka biya shi ana lissafa shi a matsayin sa'o'i 12, ke nan wasa 43 ya isa. Shi ya sa hirar 'yan rawa ba ta rasa tambayar nan: ka cika sa'o'inka kuwa?

Tsarin yana da masu suka. Suna cewa yana cin kuɗi, kuma wasu kamfanonin talabijin suna fakewa da shi don kada su ɗauki ma'aikatan dindindin. Ƙorafi na biyun gaskiya ne, amma laifin na masu ɗaukar aiki ne. A 2003 aka rage wa'adin tara sa'o'in zuwa wata goma da rabi ga masu wasa. Yajin aikin da ya biyo baya ya sa aka soke bikin wasannin Avignon, wanda Jean Vilar ya kafa a 1947. Sai a 2016 aka mayar da wa'adin wata 12. Da annobar korona ta rufe zaurukan wasa a 2020, gwamnatin Emmanuel Macron ta tsawaita biyan kuɗin har cikin 2021.

A ganina wannan kuɗi ba sadaka ba ce, haƙƙin gumi ne, ladan aikin da ake yi a bayan labule. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda tsarin bai kama ba: matashiyar da ta fito daga makarantar rawa ba ta san kowa ba, ko wanda shekara ta zagayo masa yana da sa'o'i 480. Ga kuma shekaru. 'Yan rawan gidan Opera na Paris, masu albashi, suna ritaya da fansho a shekara 42. Mai zaman kansa idan gwiwa ta fara gazawa, shi kaɗai zai nemi mafita, ko ya koma koyarwa, ko tsara rawa ga wasu, ko ya fara koyon wata sana'a daga tushe yana da shekara arba'in.